Ni Na Ce a Sa Wutar

Shekara biyu na yi a Zuru ni kaɗai a cikin gida mai ɗaki huɗu. Mijina soja ne, kuma wata uku da tarewarmu a can aka tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa da sai da na nemo ta a taswirar makaranta kafin na yarda akwai ta. Ni 'yar Argungu ce, malamar firamare, ban san kowa a garin ba, ba na kuma jin ko kalma ɗaya ta yaren mutanen wurin. Gidan ba namu ba ne, na yayan mijina ne, mai fataucin hatsi da ke zaune a Yawuri. Ya ba mu aro, ya bar rumbunsa a bayan gida, wanda yakan cika da dawa daga kasuwannin Ribah da Dirin Daji da kaka, ya jira ta yi tsada. Ranar da zai koma ya nuna mini rumbun ya ce in sa ido. Na ce to, tunda dai ba ni da wani abin sa wa ido.

Da safe ina da yara arba'in da wani abu suna cika mini kunne. Da an tashi makaranta kuwa sai in hau kabu-kabu in dawo gidan da ko kaza babu. Ban taɓa sanin girkin mutum ɗaya yana da wuya ba sai a lokacin. Kullum sai ya yi yawa, in ci rabi, in zauna ina kallon sauran. Wayar salula ta fara shigowa gari, amma mijina ba ya inda za a kira shi, sai wasiƙa, ita ma sai ta ga dama take zuwa. Nakan kunna rediyo tun daga ƙofa don kada in ji shirun gidan. Kewa ta dame ni ƙwarai, kuma girman kai ya hana ni faɗa wa kowa.

Bayan darnin gidan akwai gona da ɗan lambu na wani tsohon soja. Kowa a unguwar Baba Saje yake ce masa. Kirista ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza duk sun bi sawunsa sun watsu a barikoki. Lambun nasa ba shi da ruwa, mu kuwa muna da rijiya da ba ta ƙafewa. Tun kafin mijina ya tafi tsohon ya nemi izinin ɗiba, mijina ya ce masa ai gidanka ne, har ya buɗe masa 'yar kafa a jikin darnin kusa da madafa. Duk da haka bai taɓa shigowa kai tsaye ba. Yakan tsaya a bakin kafar da bokitinsa biyu, ya buga ƙafa ɗaya a ƙasa, ya yi sallama, ya jira. In ina salla sai ya tsaya a nan ƙiƙam har in idar. Na yi masa tsiya sau ba adadi, na ce ko ƙofar gwamna ce ai ya isa haka, amma bai daina ba.

Bayan la'asar yake zuwa. In ya gama jan ruwa sai ya zauna a kan wani tsohon turmi da na kife, mu saurari labaran duniya. Da an ambaci ƙasar da mijina yake sai in fara jero masa tambayoyi, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce in bari a gama. Daga nan ya warware mini: wannan garin da suka faɗa yana da nisa da inda ake ajiye sojojinmu, wannan harbin na tsorata mutane ne kawai. Ban sani ba ko ya san ƙasar ko ƙirƙira yake yi, ban kuma taɓa bincikawa ba. Yakan ce muddin ba a aiko mutum biyu cikin kaki sun tsaya a ƙofata ba, to in ci abincina. Shi yake cinye rabin tuwon da ke saura, ni kuma ban sake sayen gauta ko yakuwa ko tattasai ba, daga lambunsa yake kawo mini. In na ƙirga, a yini guda shi kaɗai ne babban mutum da nake magana da shi fiye da gaisuwa.

Da bazara ta shigo na ga gamsheƙa a bayan madafa. Bayan kwana biyu na sake ganin ta, wannan karon tana kwance a jikin randa. Tsakanin darninmu da gonar Baba akwai busasshiyar ciyawa da ta kai ƙugu, na kuma tabbata daga nan take fitowa. Ranar ya zo ɗibar ruwa da wuri, tun rana na tsaka, ban ko bari ya ajiye bokiti ba, na ce ya ƙone ciyawar. Ya dubi sama, ya dubi ciyawar, ya ce a bari sai da sassafe lokacin da iska ke kwance, kuma sai ya fara share gefen darnin da fartanya. Ni kuwa tsoro ya riga ya juye ya zama masifa. Na ce ba zan sake kwana da maciji a gida ba, in ba zai iya ba ya faɗa mini in nemo mai iyawa. Na san inda maganar za ta taɓa shi, shi ya sa na faɗe ta.

Ya ce, "To, Malama." Ni na miƙa masa ashanar daga kan murhuna.

Da farko wutar ta tafi daidai, yana bin ta da ɗanyen reshe yana kashe gefenta. Sai ga guguwa ta taso daga wajen duwatsu, irin wadda ke tashi da rana tsaka a wannan lokacin, ta kwashi wutar ta watsa a darni. Kafin in ɗebo bokiti ɗaya ta kama jinkar rumbu. Maƙwabta suka zo, aka yi ta jan ruwa har igiyar guga ta tsinke. An ceci ɗakuna, amma rumbun ya tafi da abin da ke cikinsa. Baba ya ƙone a hannun dama wajen janye jinkar. Mako guda unguwar tana warin ƙonanniyar dawa, kuma har yau in tuwo ya kama a tukunya sai gabana ya faɗi.

Na je wajen masu buga waya a bakin tasha na sanar da Yaya. Washegari ya iso. Dama tun farko bai so zamana ni kaɗai a Zuru ba, ya sha cewa matar da mijinta ba ya nan wurinta gidan surukai, aikin koyarwa kuma ba inda zai gudu. Na san in ya ji ni na sa, a ranar zai ɗaure mini kaya zuwa Yawuri, ya kuma rubuta wa ƙanensa. Ya daɗe a tsaye a kan tokar, sannan ya juyo.

"Ke, wa yas sa wutag ga?"

"Daga wajen gonar Baba tat taso," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, na kuma daɗe ina lallashin kaina da hakan. Mai unguwa da dattawa biyu suka zo suka ba shi haƙuri, suka ce a zauna a sasanta kamar yadda aka saba. Yaya ya ce shi ba ɗan garin ba ne, in aka zauna a tsakaninsu nasu za su bi, ya fi son inda ake rubutawa. Ya shigar da ƙara, aka kawo wa tsohon sammaci a lambunsa.

Magatakardan kotun mijin wata abokiyar aikina ne. Kwana biyu kafin zaman na je wurinsa da sunan tambayar ƙarfe nawa za a fara. Mutum ne mai son bayani, ko ba a tambaye shi ba. Ya ce irin wannan ƙara ba ta laifi ba ce, ba wanda za a ɗaure, magana ce ta wanda aka yi wa ɓarna yana neman a mayar da shi yadda yake kafin ɓarnar. Ya ce wanda ake ƙara yana da hanyoyin kare kansa. Yana iya cewa ikon Allah ne, iska ce da ba wanda zai iya hangowa, ko da yake alƙali zai ce duk manomi ya san halin bazara. Yana iya cewa masu gidan ma da nasu sakacin, tunda sun bar ciyawa har jikin rumbu, sai a rage masa nauyi. Amma mafi ƙarfi, in ji shi, shi ne a ce wani daga cikin gidan ne ya nemi a yi aikin bayan an gargaɗe shi, domin wanda ya ce a yi, ya kuma san haɗarin, ba ya dawowa ya ce an cuce shi. Ya yi dariya ya ce ai da wuya a samu wanda zai ce a sa wuta kusa da rumbunsa da rana tsaka. Na taya shi dariyar, na fito.

Saboda haka ba zan ce ban sani ba. Na shiga kotun nan ina sane da cewa kalma ɗaya daga bakina za ta sauke masa kayan.

Ɗaki ne ƙarami mai benci huɗu da fanka da ba ta juyawa. Baba ya zo da tsohuwar rigarsa ta zuwa coci, a goge, hannunsa a naɗe da bandeji. Yaya ya yi bayaninsa, ya daɗe yana yi. Da aka zo kan Baba ya miƙe ya ƙame kamar yana fareti. Alƙali ya tambaye shi ko shi ya sa wutar, ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko yana da abin da zai kare kansa da shi, ko wani dalili, ko wani da zai kira. Ina zaune a benci na biyu. Bai ko waiwayo inda nake ba.

"Babu, ranka ya daɗe. Ni na ƙyasta ashana."

Alƙalin, Allah ya saka masa, ya so ya taimake shi. Ya sake tambaya ta wata hanyar, ya ambaci iskar da kansa. Baba ya ce ya san iskar bazara tun yana yaro. Daga nan alƙali ya dubi ɗakin ya ce ko akwai mai abin ƙarawa. Na dubi yatsun ƙafata. Akwai wani tsagewa a simintin wurin da har yanzu zan iya zana shi.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Baba zai mayar da dawar daga amfanin gonarsa in kaka ta yi, zai sake gina rumbu da darni cikin mako uku. Sai Yaya ya miƙe ya roƙi ƙari, ya ce yana son kotu ta hana mutumin nan sake taka gidansa ko kusantar rumbunsa. Alƙali ya ce yana da wannan haƙƙin, ya rubuta. Da zarar an gama gini, wanda ake ƙara ba zai sake ƙetare iyakar gidan ba. A lokacin ban ɗauki wannan da muhimmanci ba. Dawar nake ta tunani, ina cewa a raina zan taimaka masa a ɓoye. Na ɗauka umarnin magana ce ta takarda, da Yaya ya hau mota shi ke nan.

Shi kaɗai ya yi ginin, da hannu ɗaya da rabi. Ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora rumbun da ya fi na da kyau, ya saƙa sabuwar jinka. Na kai masa abinci ya ci, ya yi godiya, muka saurari labarai kamar ba abin da ya faru. Bai tayar da maganar ba, ni ma na ji daɗin da bai tayar ba. A rana ta ƙarshe ya kafa darnin tun daga kusurwa, yana tafe yana ɗaurewa, har ya iso wurin kafar. Na ce ya bar ta a buɗe. Ya fita ta cikinta da bokitansa, ya tsaya ta wancan gefen, ya jera kara ya ɗaure ta da igiya ninki uku. Ina jin motsin hannunsa ta bayan darnin har ya gama.

Washegari bayan la'asar na kunna rediyo na jira. Da na gaji na zagaya ta waje, na same shi a lambu. Na ce Yaya ya koma Yawuri, ba mai gani, ya zo ya ɗebi ruwansa. Ya ce, "Oda ce, Malama. Sai wanda ya ba da ita ya janye." Na yi faɗa, na yi magiya, na ce wannan taurin kai ne ba biyayya ba, na ce a duk faɗin jihar nan ba wanda ke bin takardar kotu haka sai shi. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko wasiƙa ta zo.

Sauran bazarar daga rafi yake ɗebo ruwa, tafiya mai nisa ga mai shekarunsa. Tattasan ya fara bushewa, sannan gautar. Na koma jan ruwa da kaina ina zagayawa ina ajiye bokiti biyu a kan iyaka, shi kuma ya zo ya ɗauka, ya dawo da su a wanke a kife. Amma bokiti biyu ba sa riƙe lambu, kuma matar aure ba ta zama a gonar namiji tana sauraron rediyo, ko da ya haife ta. Sai gaisuwa a tsaye, taƙi ɗaya tsakaninsa da iyakar. Da yamma in aka ambaci ƙasar nan a labarai ba mai ɗaga mini hannu. Nakan kashe rediyon in zauna a kan turmin da kaina. Kewar ta dawo ta fi ta farko, domin wannan da hannuna na jawo ta.

Na koma wurin magatakarda na tambaye shi yadda ake janye irin wannan umarni. Ya ce abu ne mai sauƙi, wanda ya nema shi zai dawo ya ce ya yafe. Wato Yaya. Kuma Yaya ba zai yafe ba sai ya ji dalili. Sau uku ina zuwa bakin tasha da lambarsa a hannuna, in tsaya a layi, in layi ya zo kaina in ce na fasa. Damina ta sauka, na ce ai yanzu lambu ba ya bukatar rijiya, a bari sai kaka. Kaka ta yi, Baba ya auna dawar ya aika, abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Na ce a bari sai mijina ya dawo.

Ban kai ga haka ba. Wata Asabar da hantsi na ji ƙarar mota a bayan gida, sai kuma na ji an buga ƙafa a ƙasa an yi sallama ta bayan darni. Na zagaya. Babban ɗan Baba ne ya zo daga Kaduna zai tafi da shi, ƙafafun tsohon sun kumbura, kuma 'ya'yan sun ji labarin abincinsa ya ƙare tun kafin lokaci. Yana tsaye a wurin da ya saba tsayawa da rigar nan tasa ta coci. Ya ce ya zo sallama, in gaishe da maigida in ya dawo, in kuma riƙa share bayan madafa. Maganar da na riƙe wata takwas ta fito da kanta.

"Baba, ni nic ce ka sa wutag ga."

"Na sani, Malama. Ai ina wurin."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya gyara tsayuwa, ya dubi rumbun da ya gina ta saman darni. "Mijinki yana bakin aiki. In wasiƙa ta same shi cewa matarsa ta tsaya gaban alƙali, yayansa ya kwashe ta, hankalinsa zai rabu biyu. Na ga waɗanda hankalinsu ya rabu biyu a can. Ba su dawo ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ma da laifinsa, saje ba ya karɓar odar da ya san ba daidai ba ce, ya kamata ya ƙi tun ranar. Ɗansa ya danna hon ɗin mota. Ya ɗaga hannun nan mai tabo ya sara mini, ya juya, yana jan ƙafa har mota.

A ranar na buga wa Yaya waya na faɗa masa komai, a gaban mai wayar da duk wanda ke layi. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce in da na faɗa tun farko da faɗa kawai zai yi mini, ya kuma ce na sa ya zalunci tsoho. Bai kwashe ni zuwa Yawuri ba. Bayan mako biyu ya zo da kansa ya shiga kotu ya janye, ya nemi a mayar wa Baba dawar, sai dai babu kowa a gidansa da za a ba. Takardar janyewar na ba wani direban Kaduna da kwatancen barikin. Ban san ko ta isa ba, ba a aiko da amsa ba.

Mijina ya dawo lafiya da farkon wata bazarar. Kafin ya dawo na ɗauki wuƙa na je wurin kafar nan. Ɗaurin tsohon ya ci mini yamma guda, har tafin hannuna ya yi kanta, amma na buɗe ta, na mayar da turmin kusa da rijiya. Shekara ɗaya da rabi muka ƙara a gidan kafin a yi mana canjin wurin aiki, kuma ba wanda ya bi ta kafar nan sai awakin maƙwabta.